Ranar da Na Kai Ƙarar Hadiza Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta farko a aikin malanta ba, a wata elementare cikin garin Kaduna, tun Turawa ba su tafi ba. Ina saurayi, riga ta sha guga, ina ji da kaina kamar ni na ƙago boko.

Na raba wa 'yan aji ɗaya wake fari da baƙi, na ce su jera biyu na wannan, ɗaya na wancan, su yi ta maimaitawa. Wata 'yar ficiciya, Hadiza, maimakon wake ta zo da duwatsun ado daga gida a zure a zare, don babanta su yake sayarwa. Na duba, na ga duk launi ɗaya, ƙasa-ƙasa. Na ce ta sake. Kwana uku tana sakewa, tana hawaye tana cewa, "Malam, wallahi na jera."

Da ma da kyar uban ya bari ta shiga makaranta. Ya ce in ba ta ganewa a gaya masa, ya mayar da ita gida. Ni kuwa sarkin cika aiki (wa ya aike ni?) na tasa ta gaba har rumfarsa a Babbar Kasuwa.

"Baba, yarinyar nan kanta bai ɗauka," na ce, na miƙa masa zaren.

Ya juya shi a hannu, ya dube ni. Sai ya shiga bi da yatsa a hankali: "Ja, ja, kore. Ja, ja, kore." Har ƙarshe, babu kuskure ko ɗaya. Maƙwabtan rumfa suka leƙo, suka ce haka ne.

A nan, gaban jama'a, ina da shekara ashirin da biyu, na gano idona bai raba ja da kore. (Ashe shi ya sa Inna ba ta taɓa barina na zaɓi hula da kaina ba.) Kunya ta rufe ni, kamar in nutse. Na tsuguna na ce, "Hadiza, ki yafe mini." Ta ɓoye fuska a rigar babanta.

Tsohon bai yi dariya ba, Allah ya jiƙansa. Ya shafa kanta ya ce, "Gobe ki koma makaranta. Malaminku yana bukatar mai duba masa."

Ta koma, ta kuma gama. Ni ko tun ranar, in yaro ya rantse ya yi daidai, sai na kira na kusa da shi ya duba kafin in buɗe baki.