Babban Yatsan Injiniya Mijinyawa

"Ni Mijinyawa, muddin ina numfashi a garin Bauchi, uwar da za ta haifi mai kutsen da zai shiga kwamfutocin Hajiya, ita ma ba a haife ta ba!"

Haka yake faɗa kowace safiya a kan bencin Goggo Sauda mai masa, baki cike, miya har gemu. Abokina, da ka san Mijinyawa, da ba ka tambaye ni abin da ya sa nake dariya tun ban fara ba. A kasuwar Wunti muka san shi, yana tura wa mutane waƙoƙi a waya a ƙarƙashin wata lema mai karyayyen haƙarƙari. Ya ɓace na ɗan lokaci, sai ga shi ya dawo da kwat, da tabarau marar magani, da igiya a wuya mai ɗauke da hotonsa, wai shi daga yau Injiniya ne. In ka kira shi Mijinyawa gatsau ba zai waiwayo ba, ko da mota ce za ka ce masa ta taho.

Bakin nan nasa ne ya sama masa aiki a kamfanin Hajiya Zinariya da ke unguwar GRA. Wani ɗaki ne mai sanyi cike da manyan kwamfutoci, inda makarantu da shagunan magani suke ajiye bayanansu. Aikin Mijinyawa shi ne ya hana masu kutse shiga. A bakin get ɗin kamfanin Goggo Sauda take suya, kuma tun zuwansa kasuwarta ta buɗe. Samari maƙil a benci, kowa kai a sunkuye kan waya, sun cinye masa amma ba su da niyyar tashi. Shi kuwa Injiniya kullum farantinsa har yana zuba, babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Ran nan Hajiya ta kira shi ofis.

"Mijinyawa, masu ajiya za su turo wata mata, Madam Liatu, ta gwada tsaronmu. In ta sami kafa ko ta allura ce, za su kwashe kayansu. Ran da suka kwashe, kai ma ka koma lemarka."

"Ranki ya daɗe, ki ce mata ta zo da dangin mijinta ma. Ko sauro sai ya nuna katin shaida kafin ya shiga ɗakin nan."

Nan take gogan ya kama aiki. Ya sa aka cire wa ɗakin kwamfutocin ƙofar katako, aka kafa ta ƙarfe irin ta shagon zinare, aka maƙala mata na'urar da ba ta buɗewa sai da zanen yatsa. Ma'aikata suka yi layi za a ɗauki nasu, ya kore su.

"Yatsa biyu ai ya zama kasuwa. Nawa kaɗai!"

Ya ɗaga babban yatsansa na dama sama, ya zagaya da shi kowa ya gani. Mukullin gaggawa da ya zo da na'urar kuwa, a gaban kowa ya jefa shi rijiyar bayan ofis, har da karkaɗe hannu.

Bai tsaya nan ba. Ya saita kyamara yadda duk wanda na'urar ta ƙi, za ta ɗauki hotonsa ta aika wa dukkan ma'aikata da masu ajiya, da rubutu a ƙasa: GA ƁARAWO. Sannan ya kira Babayo, shugaban 'yan bangan layin, wani ƙato da wuyansa ya fi cinyata kauri.

"Babayo, da ka ji jiniya, ka duba wayarka. Fuskar da ka gani, cafke mai ita. Kada ka saurari magiya. Ko ya ce shi ɗan'uwan Hajiya ne, ko ya ce shi limami ne, kai, ko ya ce maka shi ne Injiniya Mijinyawa, kada ka sake shi."

"Ko ya ce kai ne, Oga?"

"Wannan ma shi ne babban ɓarawon! Dabararsu ke nan."

Babayo ya gyaɗa kai. Shi mutum ne da in magana ta shiga kansa, sai ta rufo ƙofa ta ciki.

Safiyar gwaji Mijinyawa ya iso benci yana ƙamshin turare, ya tarar da layi har bakin titi.

"Goggo, yau ba ni da lokacin jira. Tsaron rabin Bauchi yana wuyana."

"To ka bari ta soyu, ɗan nan. Yanzu na zuba ƙullu."

Ina! Wanda ya hana sauro shiga ɗaki ne zai tsaya jiran masa? Ya miƙa hannu cikin tanda zai ɗauko wata da ya ga ta yi ja. Babban yatsan nan, yatsan kamfani, yatsan da rabin Bauchi ke wuyansa, ya nutse tsundum cikin tafasasshen mai. Ihun da ya kurma sai da wani mai keke ya taka birki a ɗaya hannun titi. Kafin ka ce me, yatsa ya tashi fam kamar ƙwan zabo. Wani ya ce a shafa makilin, wani ya ce manja, wata tsohuwa ta ce gishiri. Mijinyawa, mutumin da ba ya yarda da kariya ɗaya, ya shafa duka.

Ana haka Madam Liatu ta sauko daga keke. Mace ce marar hayaniya, da jaka a kafaɗa. Ta tsaya wajen Goggo ta sayi masa, suka ɗan taɓa hira, ta shiga ciki da ƙunshinta. Ta gaisa da Hajiya, ta nemi kujera ta zauna, ta buɗe ƙaramar kwamfutarta a cinya.

Mijinyawa ya ɓoye hannu a aljihu, ya yi gyaran murya.

"Madam, yau za ki ga abin da ko a Turai sai an yi layi ake kallo."

Ya zaro yatsa ya ɗora. Na'ura ta yi ja, ta ce ɗit. Ya goge makilin a kwat, ya sake ɗorawa. Ɗit. Ya matso da baki kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Haba 'yar nan, ni ne fa. Ni na kawo ki gidan nan."

Ya danna da ƙarfi, ƙwan zabo ya fashe, ya wage baki zai yi ihu, kyamara ta yi walƙiya, jiniya ta ɓarke. Wayoyi suka hau ƙara lokaci ɗaya. Hajiya ta duba tata, sai ga shugaban tsaronta, baki a hangame, tabarau a karkace, manja a haɓa, a ƙasa kuma: GA ƁARAWO. Hoton nan a daidai lokacin yana hannun kowane shugaban makaranta da kowane mai shagon magani da ke ajiya a wurin.

Sai ga Babayo a guje. Ya dubi waya, ya dubi fuska, ya damƙi ƙugun wandon Injiniya ta baya ya ɗaga, har sai da takalmansa suka bar ƙasa.

"Babayo! Ni ne! Injiniya Mijinyawa!"

"Allahu akbar," in ji Babayo cike da mamaki. "Wallahi haka Oga ya ce za ka ce."

Ni da kai da mun yi shiru a nan. Amma Mijinyawa, yana reto a hannun ƙato, sai ya ga ai nasara ce ta zo masa.

"Hajiya, kin gani ko? Madam, ki shaida! Tsaron da ni kaina ban iya shiga ba, wane ɗan kutse ne zai shiga?"

Har Hajiya ta fara gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da hankali. Madam Liatu ta haɗiye lomar masa, ta juyo da kwamfutarta. Ga sakamakon jarrabawar ɗalibai, ga bayanan shagunan magani, komai a buɗe kamar tallar tumatir.

"Hajiya, ai ni tun ɗazu ina ciki."

"Ta ina?"

"Ta wajen mai masa. Na ce ta yi min gyara, ta ce masar gyara duk Injiniya take tara wa, sai dai ta ba ni kalmar sirrin wayifai kamar yadda take ba kowa. Na gwada ta a manyan kwamfutocinku, ashe ita ce dai ko'ina. DodonMasuKutse."

Hajiya ta aika aka kira Goggo Sauda. Ta shigo da cokalin suya a hannu.

"Goggo, wa ya ba ki kalmar nan?"

"Injiniya mana, Allah ya yi masa albarka. Shi ya ce in riƙa cika masa faranti, shi kuma ya ba ni abin jan kwastoma. Yanzu har daga unguwar Ɗan Iya ake zuwa. Akwai ma wani yaro mai kirki, ya ce tun daga Legas abokansa suke gaishe da Injiniya."

Madam Liatu ta rufe kwamfutarta, ta share hannu.

"Gaskiya zan faɗa wa masu ajiya, Hajiya. Duk faɗin Bauchi na sami mutum ɗaya tak da ba ya iya shiga wurin nan, kuma ga shi can a rataye."

Babayo ya sauya hannu, don na daman ya fara gajiya.

"Hajiya, in sauke shi? Kamar dai kuskure na'urar ta yi."

Hajiya Zinariya ta sake duban hoton da ke wayarta, ta dubi na hannun Babayo, ta daɗe tana gwadawa.

"Riƙe shi da kyau, Babayo. Duk cikin aikin da ya yi min, wannan ne kaɗai ya yi daidai."