Littafin da Jikana Zai Gama Cikin Kwana Arba'in

"Kaka, kwana arba'in kacal nake so. In ban ajiye miki littafi a cinya ba, ki canza mini suna."

Jikana ke nan, ɗan babbar 'yata, wanda na goya har bayana ya ƙage. A shagon buga takardu yake aiki, wuni yake yana buga rubutun mutane, shi ne ya gano wai duk ya fi su basira, lokaci ne kawai ya yi masa ƙaranci. Ya karanta a wayarsa cewa manyan marubuta awa ɗaya suke warewa kullum da sassafe, a wuri guda, ba fashi. To, ka ji inda abin ya shafe ni. Wurin nan guda da ake faɗa, ɗakina ne: na ƙurya, mai taga biyu, inda iska ke shigowa ta yi wa tsufana fifita.

Na ce, "Ni kuma in koma ina, Sarkin Cika Baki?"

"Ɗakin bakin ƙofa mana. In na gama littafi, naki ya zama ofishina. In ban gama ba, ki dawo abinki."

Ya marairaice mini irin yadda yake yi tun yana zubar da majina, ni kuma zuciyata ba ta da ƙashi a kan yaron nan. Na kira matarsa ta zama shaida, na kwashi katifata na koma bakin ƙofa, inda zafi ke gasa ni, mai gyaran babur na kan titi yana yi mini kiɗa da guduma.

Makon farko kaf a zana jadawali ya tafi. Biro kala huɗu ya sayo, da abin ja layi, ya zana, ya yaga, ya sake. Da ya gama ya kai shagonsu aka lulluɓe takardar da roba don kada ruwa ya taɓa ta, ya kafa a bango. Na ce, "Ina littafi?" Ya ce, "Haba tsohuwa, kin taɓa ganin an ɗora rufi babu harsashi?"

Bari ka ji harsashin. Ƙarfe shida ya sha ruwan ɗumi da lemun tsami. Sai motsa jiki, yana tsalle kamar kwaɗon da aka zuba wa gishiri. Sai ya rufe ido minti goma, wai yana tara tunani. Sai goge tebur. Sai fere fensir shida, alhali da biro yake rubutu. Kafin ya buɗe takarda bakwai ta buga, ya zari takalmi sai shago.

Mu kuma aka kafa mana doka: daga shida zuwa bakwai babu shara, babu wanke-wanke, babu rediyo. Tarina ma cewa ya yi in daure in riƙe shi zuwa bakwai da minti ɗaya. Matarsa, baiwar Allah, takan shige ɗaki ta yi tsit. Shi kuwa kullum ya fito sai ya ja jan layi a kalanda.

"Layin mene ne wannan?"

"Alamar ban yi fashi ba."

"Ka rubuta wani abu?"

"Na zauna a teburin, Kaka. Zaman shi ne rabin aiki."

Na ce, "Ashe ni ma na kusa zama marubuciya, shekara goma ina zaune."

Ran kwana na ashirin ya gano maƙiyin basirarsa: zakaran maƙwabci. Wai da tunani ya taso, cara ɗaya ke kore shi. Ya yi ta sintiri a ƙofar mutumin har maƙwabcin ya gaji ya yanke zakaransa. Washegari gari ya waye shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Malam marubuci bai farka ba sai takwas da rabi. Ashe zakaran nan ne yake tashe shi! Ya fita da riga a baibai, mai shago ya wanke shi tas a gaban masu jiran takardu.

Sai ya sayo agogo mai ƙararrawa, ya jefa shi cikin bokitin ƙarfe a tsakar gida don ƙarar ta ninku. Ta ninku kuwa. Ta tashe ni, ta tashi matarsa, ta tashi maƙwabci da 'ya'yansa, har mai gyaran babur ya fara buɗe shago da wuri. Mutum ɗaya ne a duk layin ba ta tayarwa, ka san shi.

Rana ba ta ƙarya. Ran na arba'in da la'asar na sa aka shimfiɗa tabarma, maƙwabci ya shigo yana cewa shi dai ya zo ganin littafin da zakaransa ya mutu dominsa. Jikana ya fito da wani ƙaton littafin rubutu mai bangon fata, yana riƙe da shi kamar jariri. Na sa tabarau. Aji uku na yi, amma ina haɗa baƙi.

Shafi na ɗaya sunansa ne, manya-manya. Shafi na biyu godiya ga duk waɗanda suka taimaka. Shafi na uku an rubuta "Babi na Ɗaya", a ƙasa "Wata rana", an soke, an sa "Ran nan", an soke. Na lashi yatsa na yi ta buɗawa har bango, fari fat kamar haƙorin jariri.

Na ce, "'Yar nan, a mayar mini da katifata ɗakina tun rana ba ta faɗi ba."

"Tsaya Kaka, ai littafin yana cikin kaina, fitowa ce ta rage!"

Sai matarsa ta ce a hankali, "Kaka, ni ma ina da ɗan abin da zan nuna." Ta ɗauko wani ƙaramin littafin 'yan makaranta, ya kusa cika da rubutu. "An hana ni shara, an hana ni wanke-wanke, na rasa abin yi da awar nan. Shi ne kullum nake rubuta dalilin da ya ba ni jiya na rashin yin rubutu, da yadda aka yi. Shafi ɗaya a rana."

Ta fara karantawa. "Rana ta sha biyu: baƙin biro yana kashe basira, sai an nemo shuɗi. Rana ta sha uku: shuɗin yana tuna masa da shago. Rana ta ashirin da shida: ya yi mafarkin babi uku cif, ruwan ɗumi ya wanke su." Maƙwabci ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ni kuwa tarin da na tara na kwana arba'in ya ƙwace mini gaba ɗaya.

Gogan naka ya miƙe yana huci. "Ai maganganuna ne! Ni ne mai littafin, sunana za a sa a bango!"

"Gaskiyarka, maigida," in ji ta. "Shafi talatin da tara ne, saura na yau. Ungo biro, ka cika shi da hannunka."

Ya karɓa. Ya kalli takarda, ya kalle mu, ya jujjuya biron, ya share gumi.

"Yanzu ai akwai mutane," ya ce. "A bari sai gobe da safe."

Ta zare biron daga hannunsa, ta rubuta hakan, ta rufe littafin.

"Alhamdulillahi, Kaka," ta ce, "ya cika."