Yadda Na Zama Abu Mukayyif

Wata biyu da rasuwar mahaifiyata aka ce za a maido ragowar harajin iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, da na biya. Lokacin ƙanin matata, Usman, mai shagon yadi a kasuwar Bab Makka, yana bin mu kuɗin asibitinta.

Matata ta ce, "Abu Maryam, mu rage wa Usman bashinsa."

Na ce, "Halas, bar maganar, Usman na gida ne, zai jira. Bar lissafi a hannun masu shi."

Hajiya, mahaifiyar tawa, ta yi jinyarta kaf a ɗakinta na unguwar Nuzla da tsohuwar fanka, kullum ina ce mata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na nan tafe, ɗakin zai yi sanyi. Don haka tun kafin kuɗin su shigo na ɗauko sabo fil bashi, na kafa a ɗakin da ba kowa. Da Usman ya leƙo, na marairaice na ce ko riyal ba na tsammani daga ko'ina.

Ni gwanin lissafi na manta ta asusun Usman aka biya harajin. Can kuɗin suka koma.

Ya kira ni. "Yaya, kuɗin da ba ka tsammani sun iso. Na cire daga bashin."

Matata ta miƙe. Ta shiga ɗakin Hajiya ta sha kukanta cikin sanyi.

Har yau ina biyan mukayyif ɗin, kuma duk Nuzla Abu Mukayyif ake ce min. Ko a zaman makoki sai wani ya matso jikina, ya ce zafi yake ji.