Burodin Kabewa da Karen da Ba Nawa Ba

Ko da zan manta komai na zaman New York, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin kaka ba, ranar da kare ya tona mini asiri a gaban dattijon da na fi jin kunya a duk garin. Karen kuma ba na kowa ba ne, nawa ne. (To, ga shi na faɗa. Na daɗe kafin bakina ya iya furta wannan maganar.)

Bari in fara da yadda Bakatsine mai salla a kan lokaci ya wayi gari da kare a ɗaki. Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Na yi shekaru ina kula da wani tsohon Bature a Staten Island, Mista Walta, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a gidan burodi. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, amma bakinsa bai daina ba da umarni ba. Yana zaune a keken guragu zai ce in kawo fulawa, in fasa ƙwai, in daina juya kwaɓin kamar mai tuƙa tuwo. A hannunsa na koyi cewa kowane lokaci na shekara da abin da ake gasawa: idan sanyi ya kama, biskit mai citta, idan ganye ya fara ja yana zuba, kek ɗin tuffa da burodin kabewa mai kirfa da kanumfari. Yana da wani ɗan kare ja, gajere, mai dogayen kunnuwa, sunansa Rasti. Farkon zuwana gidan, idan Rasti ya doso ni sai in tattare wando in ɗaga ƙafa sama.

Da Mista Walta ya rasu, 'yarsa ta zo daga wata jiha mai nisa, ta kwashe hotuna, ta sa gidan a kasuwa. Ta ce karen za ta kai shi wurin ajiye dabbobi, ta kuma ƙara da cewa tsohon kare irinsa da wuya wani ya ɗauka. Na gane abin da take nufi. Sai na ji bakina yana cewa ta bar mini shi na mako guda kafin a samo masa gida. Makon nan har yau bai ƙare ba.

Ina zaune a wani ɗakin ƙasa kusa da unguwar Park Hill, a nan Staten Island ɗin, mai taga ɗaya wadda ƙafafun masu wucewa kawai nake gani ta cikinta. Matata da yarana suna Katsina suna jiran takardu. Idan na tashi daga aiki sun yi barci, idan sun tashi ni ina barci ko ina kan hanya. Maƙwabtana mutanen kirki ne, amma ba mai jin Hausa a cikinsu. Sai in yi kwanaki ban furta kalma ɗaya da harshena ba, har wani lokaci in ji kamar bakina ya yi tsami. Kaɗaici ne tsantsa, ba na jin kunyar faɗa, irin wanda yake sa mutum ya kunna rediyo don kawai ya ji wani yana magana a ɗakin.

To, a haka na fara yi wa Rasti Hausa. Da fari zo ne, da zauna, da kwanta, da tafi can. Daga baya abin ya kai ga ina ba shi labarin tsadar gero a gida da rigimar filinmu na gado, shi kuwa ya karkata kai yana saurare (ya fi wasu 'yan'uwana haƙurin sauraro, Allah ya sani). Kuma duk lokacin da zan sa abu a baki nakan ce bismillah, sannan in gutsura masa nasa a kwanonsa. Ban taɓa kawo wa raina cewa yana haddacewa ba.

Ranar Asabar ita ce ranarmu. Nakan saka masa 'yar suwaitarsa shuɗiya da ya gada daga gidan Mista Walta, in cusa shi a jaka mu hau bas zuwa wajen tashar jirgin ruwa, inda manoma suke kafa kasuwa. Mu zaga rumfuna, in ɗanɗana zuma a nan, in sayi ruwan tuffa mai ɗumi a can, in zaɓi kabewa ina ƙwanƙwasa ta kamar na san abin da nake yi. Wata rana mu zarce wurin wani mai gasa rago a cikin mota, mu zauna a benci muna kallon ruwa. Masu rumfunan duk sun san sunan Rasti. Ni ba wanda ya taɓa tambayar nawa.

Ranar Juma'a kuwa wata duniya ce daban. Nakan tsallaka ruwa in hau jirgin ƙasa har unguwar Morrisania da ke Bronx, zuwa wani ɗan masallaci da Hausawan Nijeriya da Nijar da Ghana suke cika. Na daɗe ina zuwa, iyakacina da mutane salamu alaikum, a idar kowa ya ruga wurin aikinsa. Sai wata Juma'a na tafi da burodin kabewa guda biyu, na yanka na ajiye a bakin ƙofa. Wanda ya fara ɗauka Alhaji Isufu ne, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayar da huluna da jakunkuna a Canal Street, wanda idan ya yi gyaran murya kowa yake nutsuwa. Ya tauna, ya lumshe ido, ya ce, "Wa ya yi wanga abu?" Daga ranar na samu suna, Malam Mai Kabewa. Aka fara tsayawa ana gaisawa da ni, ana tambayar iyali, har ana ajiye mini wuri a sahu.

Wannan 'yar hirar ta bayan Juma'a ita ce kawai abin da nake da shi na mutane a duk mako. Kuma na san mutanena. Duk ranar da aka ji cewa a ɗakin da ake gasa burodin nan akwai kare yana kwana, to magana ta ƙare. Ba wanda zai tsaya ya ji cewa kwanonsa daban, soson wankinsa daban, kuma idan zan yi gashi a banɗaki nake rufe shi yana kuka. Don haka kafin in fita masallaci nakan bi rigata da salatif ina cire gashi ɗaya bayan ɗaya.

A Asabar ɗin da nake ba ku labari, na gasa burodi da safe, na naɗo rabi muka fito. Muna zaune a benci a gefen kasuwar, na ɗaure igiyar Rasti a ƙafar bencin, wata tsohuwar Baturiya tana ɗaya gefen tana karanta jarida. Hankalina kwance, domin tsakanina da Bronx akwai ruwa. Kawai sai na hango babbar riga fara ƙal ta shadda tana tahowa daga tashar jirgin, da wata Hajiya a baya ta sha lafaya. Alhaji Isufu ne da maiɗakinsa. Ashe suna aka yi a Park Hill, suka tsallako.

Abin da na yi a nan ba ya cikin abubuwan da nake alfahari da su. Na ja jiki a hankali zuwa ƙarshen bencin, na sa ƙafa na tura Rasti wajen tsohuwar, sannan na miƙe na tare su da fara'a.

"A'a, Malam Mai Kabewa! Mi kake yi nan?"

Na durƙusa na gaishe su. Muka yi ina gajiya, ina aiki, ina mutanen gida, ina sanyi. Ban taɓa jin gaisuwar Hausa ta yi mini tsawo kamar ranar ba. Hajiya ta ce ƙafarta ta gaji da matakalar jirgi, za ta ɗan zauna. Tana matsowa ta ga Rasti, ta ja da baya ta tattare lafayarta.

"Subhanallahi! Karen wa ye wanga?"

"Na wannan tsohuwar ne, Hajiya," na ce. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma tsoro ya sa na ƙara gishiri. "Kin san Turawa da karnuka. Dubi har riga ta saka masa. Mutum ya rasa abokin zama sai dabba, Allah ya kiyashe mu."

"Amin," in ji Alhaji.

Rasti yana kallona yana kaɗa wutsiya.

Ana haka tsohuwar ta naɗe jaridarta, ta miƙe, ta yi mana murmushi, ta kama hanyarta. Muka bi ta da ido mu uku har ta shige cikin mutane. Kare yana nan ɗaure.

"Ta bar karenta," in ji Hajiya.

"Za ta dawo," na ce. "Ina jin banɗaki ta je."

Don in kawar da maganar, sai na yi abin da ya ƙarasa ni. Na buɗe ƙunshin burodin na miƙa musu, na ce na safiyar nan ne, da ɗuminsa. Alhaji ya yi murna, ya zauna a gefen da na tashi, ya ɗauki yanka guda, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba ya ce, "Bismillah."

Kafin ya kai baki, Rasti ya taso da gudu iya tsawon igiyarsa, ya tsaya a gabansa, ya zauna daram, ya ɗaga ƙafar gaba ya ɗora a kan farar shaddar nan. Hajiya ta yi salati. Alhaji ya daka masa tsawa, "Kai! Tafi can!" Rasti ya sauke ƙafa, ya juya, ya koma can ɗin. Alhaji ya tsaya da burodi a hannu. Ya dubi karen, ya dube ni, ya sake duban karen.

"Zo," ya ce a hankali. Rasti ya zo.

"Zamna." Ya zauna. (Ko karin harshen Maraɗi bai ruɗa shi ba, maci amana.)

"Kwanta." Ya kwanta, ya miƙe ƙafafu, sannan ya mirgino ya ɗora haɓarsa a kan takalmina.

"Bon," in ji Alhaji da Faransancinsu na Nijar, wato "to". "Malam, tsohuwar ga da ta tafi banɗaki, Bakatsiniya ce ko 'yar Zinder?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ga sanyi ana yi, ni kuwa zufa tana bin bayana. A ƙarshe na ce, "Nawa ne, Alhaji."

"Jikokina da aka haifa Bronx," ya ce, "in na ce su zamna, sai su ce mini what. Wanga kuwa sau ɗaya na faɗa." Ya yi 'yar dariya, amma ba ta daɗe ba. Ya kalli sawun ƙafar da ke kan rigarsa, sannan ya tambaye ni da wata murya daban, "Wa ya koya mishi duk wannan?"

"Ni ne."

"Ba ka da wanda kake yi ma magana ne?"

Wannan tambayar ta fi duk abin da ya gabata zafi. Hajiya ta naɗe nata yankan a cikin takarda ta sa a jaka, na kuma san ba ci za ta yi ba. Suka yi mini sallama suka nufi wurin bas, Alhaji yana kakkaɓe riga. Ni kuwa na kwance igiyar. Rasti ya yi ta tsalle yana murna za mu tafi gida, bai san na sayar da shi ba. Duk hanya na kasa haɗa ido da kare.

Juma'ar da ta biyo baya na yi ta shawara da kaina, in je ko in fasa. Na gasa, na tafi. Labari ya riga ni isa, na gani a fuskoki. Wani da ya saba ɗaukar yanka biyu ya ce likita ya hana shi zaƙi. Wani ya wuce farantin kamar bai gan shi ba. Ina tsaye a gefe ina lissafin yadda zan sulale, sai Alhaji Isufu ya fito. Ya ɗauki yanka, ya ce bismillah da ƙarfi, sannan ya leƙa ƙofa ya duba titi hagu da dama.

"Yau bai taho ba ke nan," ya ce.

Aka fashe da dariya, wasu suka matso suka ɗauka. Wasu kuwa har yau ba su sake taɓa burodina ba, kuma ban riƙe su da komai ba. Da za mu rabu Alhaji ya kama hannuna ya ce, "Lahadi ka taho gida ka ci tuwo. Kai ɗaya, ka ji ko?" Na je, kuma ina zuwa har yanzu idan aiki ya bari.

Amma a ranar Juma'ar nan, rabin farantin na komo da shi a jirgin ruwa, na ɗora a cinya ina kallon gari yana nisa. Darasin da na koya dai shi ne, idan ka san wata rana za ka yi musun abokinka a gaban jama'a, to tun farko kada ka koya masa yarenku. Da na isa ɗaki na zauna a bakin gado, na gutsuri burodin, na ce bismillah. Rasti ya taso ya zauna a gabana ya ɗaga ƙafa, kamar ban taɓa cewa ba nawa ba ne.