Ƙaro a Gaɓar Bututu

Shekarar da Turawa suka jawo ruwa zuwa barikin Jega, Baba ne mai haɗa bututun. Ina dawowa daga makarantar allo na lura wata gaɓa tana zufa. Washegari za a matsa ruwa da famfon gwaji, kuma wanda aikinsa ya yi yoyo za a sallame shi. Na shafe wurin da ƙaro, na naɗe da tsumma yadda Inna ke gyara tulu, ina jin kaina gwana.

Ana fara buga famfo tsummana ya tashi, ruwa ya cire wa Baturen da ke duba aikin hula. Dariyar da ya yi ce ta ceci aikin Baba.

Baba ya duba tsumman, ya ce, "Ɗiyata, wannan ba gefen zanenki ba ne?"

Har yau, tulun kowa ya tsage, sai a ce a kai wa Magajiyar Famfo, wato ni.