Telan da Ya Yi wa Fursunansa Ɗinki

"Ni fa duk fursunan da ya shigo hannuna, ba mari ba zagi, da bakinsa zai faɗi har abin da kakarsa ta ɓoye a ƙarƙashin gado!"

Tela ne ya faɗi haka, yana bugun ƙirji har tef ɗin awo ya zame daga wuyansa. Bari in fayyace maka, abokina, kada ka zaci ɗan sanda ne. Kowace Asabar bayan la'asar, su huɗu, shi da matarsa da abokansa Direba da Mai Kemis, suke kwashe ƙyallaye daga teburin yanka na shagonsa su yi wasan jarumai. Kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Matar Tela ce mai ba da labari, ita ke faɗin abin da ya faru, ita ke yin muryar dodanni. Duk abin da mutum ya ce jaruminsa zai yi, sai ya jefa ɗan lido mai fuska ashirin: babbar lamba nasara, ƙarama abin kunya. Tela ne shugaban tawaga, kuma shugaba kaɗai ke zama a kujera mai katifa. Direba da Mai Kemis shekara biyu suna fama da benci.

A wasan ranar sun kama wani ɗan dodo, kore, mai kunnuwa kamar murfin tukunya, wanda ya san inda 'yan'uwansa suka ɓoye dawakin gari da suka sace.

Direba ya ce, "A sare shi mu wuce. Makon jiya ya ciji jarumina a gwiwa."

Mai Kemis ya ce, "Haba! Wanda ya ajiye makami ba a kashe shi. A bar shi a ɗaure, a ba shi ruwa, a kai shi gaban alƙali."

Shawara ce mai kyau, laifinta ɗaya: ba daga bakin Tela ta fito ba.

"Tausayin 'yan koyo ke nan," in ji shi. "Ku zuba ido ku ga na manya. Idan muka isa ƙofar gari bai faɗa mini sirrin ba, na bar kujerar nan."

"Kun dai ji Sarkin Surutu," in ji Direba. "Ku zama shaida."

Tela ya ce jaruminsa ya kwance igiya, ya tambayi fursuna cikin lallashi. Ya jefa lido. Uku.

Matarsa ta maƙale murya ta ce, "Ranka ya daɗe, yunwa ta toshe mini tunani."

Ya miƙa masa jakar guzuri. Ya jefa. Biyu. Ɗan dodo ya cinye guzurin kwana bakwai, ya lashe jakar, ya yi gyatsa.

"Guzurinmu ne fa duka!" in ji Mai Kemis.

"Dabara ce, ba za ka gane ba. Kai ƙwaya kawai ka iya ƙirgawa."

Daga nan fursuna ya ce igiya ta ji masa ciwo a ƙafa, kuma shi ba ya iya tuna hanya idan yana ɗingishi. Tela ya ɗora shi a kan dokinsa, ya naɗe linzami a wuyan hannunsa yana ja a ƙasa. Ya jefa. Huɗu. Ɗan dodo ya tuna cewa yana jin sanyi.

A nan ne matar ta kwatanta tsumman da ke jikin fursuna: kafaɗa ta sauko har gwiwar hannu, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuya a karkace. Fuskar Tela ta canja. Shekara ashirin yana sana'ar nan, bai taɓa iya kau da kai daga mummunan ɗinki ba.

"Wane azzalumi ne ya yi maka wannan aika-aika?" ya tambayi fursuna, yana duban matarsa. "Tuɓe! Jarumina ya cire alkyabbarsa ta girma, ya rage ta daidai jikinsa."

"Baban yara, ka tabbata?"

"Ke dai ba ni lido!"

Ashirin! Tela ya yi tsalle har ya ture dutsen guga. Bai taɓa samun ashirin ba sai yau.

"Ɗinki ya zauna ɗas," in ji matar. "Sai dai ya ce ba ɗamara."

"Alkyabba ba ɗamara? A ba shi tawa!" Ya manta cewa takobinsa a jikinta yake rataye.

Matar ta gyara zama ta ce, "To, ga ku a ƙofar gari. Masu gadi sun ga wani babban jarumi a kan doki, da alkyabba da takobi. A ƙasa kuma ga wani da singileti, linzami naɗe a wuyan hannu kamar an ɗaure shi, yana haki. Sun ce, 'Sannu da aiki, ranka ya daɗe! A ina ka kamo wannan ɓarawon?'"

"Ni ne jarumin! Direba, faɗa musu!"

Direba ya dubi silin. "Ni fasinja ne, a hanya na gan su."

Mai Kemis ya so ya faɗi gaskiya, amma dariya ta kwantar da shi a kan benci, ko lidon ya kasa ɗauka. Tela ya jefa da kansa don ya shawo kan masu gadi. Ɗaya.

"Sun saka maka marin ƙarfe a ƙafa," in ji matar. "A garin nan kuma wanda ya kamo fursuna shi ke yanke masa hukunci. Sun tambayi na kan doki: a sare shi ne, ko a jefa shi kurkuku?"

Tela ya miƙe zai yi gardama. Kafin ya buɗe baki Direba ya zame cikin kujerar, ya miƙe ƙafafu, ya ce, "Kai, ashe haka duniya take da laushi!"

Tela ya dubi matarsa a marairaice. Ita kuwa ta ƙara maƙale murya, ta ɗaga hannu kamar mai sarauta.

"Kada ku taɓa shi, bayin Allah. Ba mugu ba ne, wauta ce kawai ta yi masa yawa. Ku ba ni shi in tafi da shi gida. Mu ɗari uku ne a kogo, kuma ba mu da tela."