Farfesan Sito da Kwalbar da Ta Ƙi Yin Hoda

Idan za a yi maganar masu ilimi a danginmu, to kowa ya gyara zama, domin za a ambaci Farfesan Sito. Ɗan goggonmu ne, kuma tun da aka kafa zuriyar nan ba a taɓa haifar ƙwaƙwalwa irin tasa ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarin gishiri sai in ya buɗe baki.

Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da siton ɗakin gwaje-gwaje a wata makarantar sakandare. A takardar ɗaukar aiki an rubuta cewa zai wanke kwalabe, ya goge tebura, ya fito da kaya, ya mayar da kaya. Wannan kuskuren mai buga takarda ne. Ainihin muƙaminsa, kamar yadda yake sanar da duk wanda tsautsayi ya haɗa su kujera ɗaya a mota, shi ne Babban Jami'in Sinadarai. Makullai goma sha bakwai ne a ƙugunsa, alhali siton ƙofa ɗaya ce da kabad biyu. Sauran na kwaɗunan da suka riga mu gidan gaskiya ne, amma suna taimakawa wajen ƙara, ta yadda kafin ka gan shi ka ji shi.

Sai kuma farar riga. Wayyo farar riga! Doguwa har gwiwa, aljihu uku, biro huɗu a na ƙirji, babu mai rubutu ko ɗaya. Da ita yake zuwa aski, da ita yake zuwa gaida goggo. An taɓa ganinsa da ita a asibiti ya je dubiya, wata tsohuwa ta miƙa masa katinta. Bai ce mata shi ba likita ba ne. Ya duba katin a juye, ya ce ta rage gishiri. A gida kuwa ba ya cewa a ba shi ruwa, sai ya ce, “Uwargida, a kawo haidurojin biyu da oksijin ɗaya, mai sanyi.” Ita kuwa baiwar Allah takan ce, “Oksijin ɗin ya ƙare, sai ka je famfo.”

Abu ɗaya ne ya hana wa wannan bawan Allah sakat a duniya. A ɗakin malamai akwai wata kujera mai hannu, kusa da taga, ta Malamar kemistiri. Shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta bakin ƙofar yana yi mata kallon da kyanwa take yi wa kifin da aka rufe a kwano. Kuma duk tsawon shekarun nan ba a samu ɗalibi ɗaya da ya kira shi Malam ba. “Mai Sito, a ba mu kwalba.” “Mai Sito, famfo ya toshe.” Kowace kalma kamar an soka masa allura.

Kwatsam sai Malama ta tafi hutun haihuwa na wata uku. Farfesa ya yi sintiri a ofishin Shugabar makaranta har tabarmar ƙofa ta san takunsa. Da ta gaji, ta ce, “To, ranar Alhamis ka ɗauki 'yan ajin ƙarshe a darasin gwaji, zan zo in zauna. In ya yi kyau, aji naka ne da kujera har Malama ta dawo.” An ce Shugaba ta koyar da kemistiri shekara goma sha biyu kafin a ɗaga ta. Farfesa ya ce ai wannan kemistirin da ne, tun sinadarai ba su waye ba.

Gwajin ba wani mai wuya ba ne. Za a zuba asid mililita ashirin da biyar a kwalba, a ɗiga masa wani ruwa da suke ce wa indiketa. Shi indiketa ɗan tsegumi ne: a cikin asid yana nan garau kamar ruwan sha, amma da soda ta yi rinjaye sai ya koma ruwan hoda. Daga nan a riƙa sakin ruwan soda daga dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a gindi, wato biret, har launin ya fito, a karanta nawa aka ci. Malama ta haɗa asid ɗin da hannunta kafin ta tafi. Ta bar 'yar takarda: a haɗa ruwan soda lita ɗaya, mol 0.1.

Ranar Laraba da rana Farfesa ya karanta takardar sau biyu, ya yi murmushin manya. Shekara goma sha ɗaya yana tsaye a bayan Malama tana awo, shi yana riƙe da murfin kwalba, don haka babu abin da bai sani ba. Ya kunna sikeli, ya ɗauko ƙwayar soda guda ɗaya tal, ya ɗora. Sikeli ya nuna 0.1. Ya jefa ta cikin lita guda ta ruwa, ya girgiza har makullai suna amshi.

A daidai nan Auta ta leƙo. 'Yar ƙanwarsa ce, a gidansa take zaune saboda ya fi kusa da makaranta, kuma tana cikin ajin da zai koyar. Ta zo karɓar makullin gida ne.

“Kawu, ƙwaya ɗaya ka sa?”

“Sifili ɗigo ɗaya. Ga takarda, ga sikeli. Ko kina da ja da sikeli?”

“Kawu, sikeli giram yake aunawa. Malama mol ta rubuta.”

“To mene ne mol in ba giram da ya yi karatu ba?”

“Malama ta ce kamar dozin ne, ƙirga ce. Dozin ƙwai da dozin bulo duk sha biyu ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba. Sai ka fara nemo nauyin mol ɗaya na soda, sannan...”

Farfesa ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. “Yarinya, ranar da aka haife ki ni na kai uwarki asibiti, kuma a ranar ma da wannan rigar. Mol da kike gani, ni da shi mun yi zaman sito ɗaya tun kina rarrafe. Ana kawo mini ƙwai da bulo a harkar kimiyya! Karɓi makulli, ki ce wa Uwargida ta dafa ruwan wanki.”

Ruwan wankin na farar riga ne. Mutumin da ya yi wa lita guda rowar ƙwaya ɗaya, shi ne ya dumbuzo sodar wanki cike da hannu har sau uku ya zuba a bokiti. Uwargida ta ce a ɗauraye. Ya ce a kul. “Ɗauraya ita ke kashe haske. Gobe ina so Shugaba ta shigo ta nemi tabarau.” Rigar ta bushe ƙiƙam, in ka jingina ta da bango tana iya tsayuwa da kanta ta koyar da darasin.

Alhamis ta yi. Ɗalibai arba'in da biyu, Shugaba a baya da ɗan littafinta a cinya. Farfesa ya shigo yana ƙyalli, ya tsaya a gaban tebur, ya yi gyaran murya sau uku, kowanne ya fi na baya tsawo.

“Ranki ya daɗe, 'yan makaranta, yau za ku ga abin da littafi yake jin kunyar faɗa. An gaya muku a cikin mol ɗaya akwai ƙwayoyi shida da sifili ashirin da uku a bayanta. Malamai da yawa haddacewa suka yi. Ni kuwa ban yarda da jita-jita ba. Wani dogon hutu na kulle kaina a sito na ƙirga su da kaina. Sun cika cif, har da rarar guda biyu.”

Shugaba ta rubuta wani abu. Farfesa ya tabbata yabo ne.

Ya ɗauraye biret da ruwan sodarsa ya zubar a kwatami, don ya ga Malama tana yin haka. Ya cika shi har bakin sifili. Ya auna asid a kwalba, ya ɗiga indiketa sau biyu. “Ku zuba ido. Da ruwan nan ya sauka zuwa ashirin da biyar, kwalbar nan za ta yi hoda kamar an ba ta umarni. Ba ta taɓa saɓa mini ba.”

Goma. Ashirin. Ya rage famfo, ɗis, ɗis, yana juya kwalba da yatsu uku, ɗan ƙaramin a miƙe. Ashirin da huɗu. Ashirin da biyar. Ya ɗaga kwalbar sama kamar wanda ya ci kofi.

Garau.

“Sinadari na asali ba ya gaggawa,” in ji shi. “Na jabu ne ke rawar kai.”

Talatin. Arba'in. Hamsin, biret ya ƙare. Kwalba ta dube shi, shi ma ya dube ta. Ya sake cikawa. Ya bayyana wa aji cewa sodar ba ta saba da baƙi ba, ganin Shugaba ne ya sa ta nauyin baki. A cikawa ta uku ya ce a rufe taga, iska tana shiga lissafi. A ta huɗu ya ce a buɗe taga. Kwalba ta cika har wuya, ya juye ta a babban kofin gilashi ya ci gaba. Gumi ya keto masa tun daga ƙeya, ya jiƙa farar riga sharkaf, har biro huɗun nan suna neman ceto. Wata ɗaliba a gaba ta tambaya cikin ladabi ko a ɗauko bokitin shara. Auta dai ta kifa kai a tebur tana karanta duk addu'ar da ta sani.

Shugaba ta rufe littafinta a hankali. “Mai Sito, giram nawa ka auna?”

Ya ji zafin sunan, amma ya ga dama ta samu. “Sifili ɗigo ɗaya, ranki ya daɗe. Ƙwaya ɗaya tal. Malama, Allah ya sauke ta lafiya, cokali take cikawa. Ni ba na almubazzaranci da kayan makaranta.”

“Wa zai zo allo ya duba mana?” in ji Shugaba.

Aji duka ya juya ya dubi Auta, don ita ke zuwa ta ɗaya. Yarinya ta tashi kamar mai ciwon ƙafa. A gidan mutumin nan take ci, a gidansa take kwana. Ta ɗauki alli, ta ce a hankali, “Kawu, ka yi haƙuri.”

“Rubuta, 'yata,” in ji shi. “Gaskiya ba ta tsoron allo.”

Ta rubuta. Sodiyam ashirin da uku, oksijin sha shida, haidurojin ɗaya: mol ɗaya na soda giram arba'in ke nan. Ana son kashi ɗaya cikin goma na mol, wato giram huɗu. An sa sifili ɗigo ɗaya. Saboda haka ruwan ya yi rauni sau arba'in.

“To mililita nawa zai ci kafin launi ya fito?” in ji Shugaba.

“Ashirin da biyar sau arba'in. Dubu ɗaya. Sai Kawu ya cika biret sau ashirin. Litar duka, har ɗigon ƙarshe.” Ta ajiye alli. “Kuma ya zubar da kaɗan a kwatami.”



Da wani mutumin ne, da sai ya sunkuyar da kai. Amma wannan Farfesa ne. “Lissafin allo daban, aikin hannu daban! Ranki ya daɗe, matsalar indiketa ce. Ya lalace. Na daɗe ina zarginsa. Ya kwanta ne, bari in tashe shi.” Ya fizgo 'yar kwalbar indiketa, ya shiga girgiza ta a gaban ƙirjinsa da duk ƙarfin shekara goma sha ɗaya. Murfin da ya manta bai ɗaure ba ya yi tsalle ya bar aikin.

Indiketa ya sauka a kan farar riga. Ya tarar da gumi, ya tarar da sodar wanki cike da hannu uku tana zaune tana jiransa tun jiya.

Jama'a, ba a taɓa ganin hoda irin wannan ba. Ta fara daga aljihun biro, ta bazu zuwa kafaɗa, ta gangaro har cibiya, tana ƙara kyau tana ƙara faɗi. Waɗanda suke ajin sun rantse har bango ya ɗauki haske. Ɗalibai arba'in da biyu suka kwanta a kan tebura. Kofin gilashi kuwa yana nan a gefe, garau, ko a jikinsa.

Shugaba ta miƙe, ta zo ta dubi ƙirjinsa da kyau, kamar mai karanta sanarwa.

“Indiketa lafiyarsa ƙalau,” ta ce. “'Yan makaranta, ku rubuta: inda soda ta isa, launi yana fitowa. Auta, auno giram huɗu, mu fara daga farko. Mai Sito, riƙe mata murfin.”

Ya riƙe. A mililita ashirin da biyar kwalba ta yi hoda, mai laushi, mai kunya, ba irin ta maigida ba.

Shugaba da kanta ta riƙe ajin har Malama ta dawo, kujera mai hannu kuma ta ci gaba da shan iskar taga ita kaɗai. A gida Farfesa ya sanar da dangi cewa da gangan ya yi, sabuwar hanyar koyarwa ce, malami ya sadaukar da rigarsa don yara su gane. Uwargida ta ɗauraye rigar sau uku a ruwan famfo, launin ya fita tas.

Amma kada a ce wahalarsa ta tafi a banza. Abin da ya nema shekara goma sha ɗaya ya samu. Yanzu daga bakin get har ƙofar sito, babu yaron da ke ce masa Mai Sito. Da sun ji ƙarar makullai sai su miƙe tsaye, su haɗa baki cikin girmamawa:

“Ina kwana, Malam Hoda!”